Kwalta Inna Take So

Tun daga zaure Gwaggo ta fara yabon Abuja, ko mayafi ba ta sauke ba.

"Azumi!" ta ƙwala wa Inna kira. "Fito ki sha labari. Wallahi mu nan Minna ba zama muke ba, haƙuri muke."

Zakiyya na durƙushe a bakin rijiya tana ɗauraye fararen kayan aikinta na asibiti. Ba ta ɗago ba, amma gabanta ya faɗi. Ta san abin da ya kai Gwaggo Abuja. Jiya da safe Inna ta tura ta da igiya ta auno ɗakin Mujahid saboda labule da ledar ƙasa, alhali ko magana ba a tsayar ba. Gobe Asabar iyayensa za su zo wurin Baba jin amsa.

Duk unguwar Limawa an san wanda Zakiyya take so. Ayuba ne, mai kiwon kifi a wani ƙauye bayan madatsar Tagwai, shekara biyu ke nan yana zarya a gidan. Mujahid kuwa ɗan ƙawar Inna ne, ma'aikaci a Abuja, watansa huɗu kacal da fitowa. Amma da ya yi sallama sai Inna ta ja mayafi ta shige ɗaki, wai kunyar suruki. Shi kuwa Ayuba ido cikin ido take kallonsa, ta kira sunansa gatsau kamar wanda ya zo tallan tarwaɗa.

Baba, wato Malam Mamudu kafinta, ya riga ya faɗi tasa. Ba zai ba da 'yarsa mai shekara ashirin da bakwai ga wanda ba ta so ba, ba kuma zai ɗaura auren da uwarta za ta yi kuka a kansa ba.

"Ku daidaita, ku kawo mini magana ɗaya," in ji shi.

To, daidaitawar ce aiki, don taurin kan Zakiyya a nono ta sha shi.

Gwaggo ta baje a tabarma tana murza gwiwa.

"Wuta sau ɗaya ta ɗauke, kafin in ce innalillahi ta dawo. Mu da tashar wutar Shiroro ke jiharmu kullum muna fama da fitilar caji! Ga tituna sumul, ko ƙura ba ta hau zanena ba."

"Gwaggo, ruwa fa?" Zakiyya ta tambaya tana matse riga.

"Akwai famfo mana." Gwaggo ta ɗan sosa kunne. "Sai dai ba ya hawa sama. Bene ne hawa uku, masu ruwa ke hawa da jarka. Ke, ni ma da rarrafe na kai."

"Maƙwabta fa?"

"Ƙofa uku na yi wa sallama ba wanda ya amsa. Wata ta leƙo ta taga ta saki labule. Amma ai wayewa ce, kowa harkar gabansa yake."

"Shi da yaushe yake fita?"

"Ana idar da asuba. Dawowa kuwa sai bayan isha, saboda cunkoson motoci. Ke wai lauya ce? To bari ki ji babbar. Daga barandarsa ana hango asibiti. Kwalta ce tun daga bakin get har ƙofar asibitin."

Inna da ke tsaye a bakin madafi ta sauke numfashi.

"Kin dai ji," ta ce. "Biyo ni ɗaki."

Zakiyya ta goge hannu ta bi ta. Inna ta zauna a bakin gado, ta fara magana.

"Kina tsammanin motarsa nake so? Ko albashinsa? Na auri ubanki ba shi da komai sai zarto da guduma, ban taɓa nadama ba. Kwalta nake so, Zakiyya. Kwalta kawai."

"Inna…"

"Bari in gama. Ni na riƙe kan yayarki a cinyata. Ni, ba labari aka ba ni ba."

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Shekara shida ke nan da rasuwar Yaya Na'ima, wadda aka kai aure wani ƙauye gaba da Maikunkele. Naƙuda ta zo mata da gardama a tsakiyar damina, motar da ta ɗauko ta ta kafe a laka tun azahar har rana ta yi sanyi, ba wanda ya gifta. Kafin a iso gari rai ya yi halinsa. Saboda wannan ne Zakiyya ta karanci ungozoma. Ita kuwa Inna, da yake Na'ima ce 'yar farinta, ba ta taɓa kiran sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. Kullum sai dai "yayarki".

"Awa huɗu," Inna ta ci gaba, hawaye na bin kumatunta. "Tana cewa Inna ƙishirwa, Inna sanyi. Sannan yanzu ki ce in sake ɗaukar wata 'yar in kai bayan wata lakar? Wallahi ba zan iya ba. Ku biyu Allah ya ba ni mata."

Zakiyya ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta, ita ma kukan take.

"Inna, na san ciwonki, ni ma nawa ne. Amma a can in na faɗi a ɗaki da hantsi, wa zai ji? Mijin yana cikin cunkoso, maƙwabciya ta saki labule. Asibitin da ake hangowa ai ba shi zai hau bene ya ɗauke ni ba."

"Akwai waya."

"Waya ba ta da hannu, Inna."

"Ke dai son Ayuba ya rufe miki ido."

"Ina sonsa, ba zan ɓoye miki ba. Ina sonsa tun ranar da ya kawo matar maƙwabcinsa asibitinmu ya tsaya a rana har ta haihu. Amma ba da so zan roƙe ki ba." Ta share fuska da bakin hijabi, ta miƙe. "An auna Abuja, ba a auna Tagwai ba. Ko ƙafarki ba ki taɓa sawa can ba. Mu je yau, yanzu da aka tafka ruwa da safe, lokacin da hanyar ta fi muni. In mota ta kafe na haƙura da Ayuba, gobe Baba ya amsa wa mutanen Mujahid, kuma ba za ki ga hawayena ba. In ta wuce, ke ki haƙura."

Inna ta zuba mata ido.

"Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani."

"To kawo wayarki. Ba za ki kira shi ya shirya mana ba."

Zakiyya ta miƙa mata ba musu. Abin da ta dogara da shi ɗaya ne: Ayuba ya gaya mata sati uku ke nan suna zuba duwatsu a wuraren da hanyar ta lalace. Sai dai ruwan da aka tafka da safen nan, ita kanta ba ta san abin da ya bari ba. Ta dai ƙudurta a ranta gara a yi ta ta ƙare, da a kwana ana ja.

A shagon Baba da ke ƙofar gida suka tarar da Mujahid, don shi ya dawo da Gwaggo a motarsa. Yana zaune a benci cikin farar shadda, ƙamshin turarensa ya danne na katako. Baba kuwa ya ja igiyar Gwaggo mai ƙulle-ƙulle a jikin gadon maɗacin da ya shekara yana sassaƙa wa Zakiyya, yana aunawa yana sake aunawa.

"Yaya, kin tabbata wannan ƙullin shi ne bango?" ya tambayi Gwaggo.

"Da hannuna na ƙulla."

"To in gadon nan ya shiga, ƙofa ba za ta buɗu ba."

Mujahid ya yi murmushi cikin ladabi.

"Baba, kada ku damu. Ku bar shi nan kawai. Can haya ce, yau kana nan, baɗi mai gida ya ce tashi. Kaya mai nauyi wahala ne. Zan sayi ƙarami na kanti."

Da gaskiyarsa ya faɗa, ba da raini ba. Baba ya shafa fuskar gadon, ya nannaɗe igiyar a hannu ya zura a aljihu.

Da Inna ta faɗi sharaɗin da aka yi, Mujahid ya miƙe har da kaɗa makulli.

"Ai ga mota. Ni zan kai ku."

Ba abin mamaki ba ne. Ya taɓa jin labarin hanyar, ya san za ta yi masa yaƙin da bakinsa bai iya ba.

Ana idar da la'asar suka kama hanya, Baba a gaba, mata uku a baya. Suka ratsa Tunga, suka wuce Chanchaga, sannan suka sauka daga kwalta. Nan take hirar Gwaggo ta ɗauke. Jar ƙasa ce ta sha ruwa ta ƙoshi, gonakin doya kore shar hagu da dama, can nesa ruwan madatsa na ƙyalli.

A kwari na farko motar ta yi gurnani, tayoyi suka taka duwatsun da aka jera, ta haye. Zakiyya ta saki numfashin da ta riƙe. Na biyu ma haka.

"Wa ya yi wannan aiki?" Baba ya tambaya.

Zakiyya ta san aikin Ayuba ne, ta ji wani sanyi a ranta.

Sai ga rafi. Tun daga nesa ta hango abin da ta ji wa tsoro. Ruwan safe ya kwashe rabin duwatsun ya watsar ƙasa, ya bar laka baƙa ƙirin a tsakiya.

"In juya?" Mujahid ya tambaya.

"A'a," in ji Zakiyya. "Shiga. Hanyar muka zo gani."

Ya shiga. Motar ta yi gaba kaɗan, ta karkace, ta nutse har gindin ƙofa. Ya ba ta wuta, tayoyi suka yi ta juyi a wuri ɗaya suna feshin laka. Ya kashe.

Motar ta yi tsit. Baba ya dubi agogonsa. Inna ta damƙe hannun Zakiyya har ƙumba na shiga fata, idonta a rufe. Ba a wannan rafin take ba, tana can wancan na shekara shida.

Zakiyya ta dubi lakar ta taga. Shekara biyu ta tafi a taku goma na taɓo. Ta danne kukanta, don ta yi alkawarin ba za a ga hawayenta ba.

"Ta kafe, Inna," ta ce. "Na haƙura."

Can kan tudu wata mata ta ɓullo da dammin itace a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya. Ta tsaya ta dubi motar. Ba ta tambayi ko su wane ne ba. Ta yar da itacen, ta kewaye baki da tafin hannu, ta ƙwala wani dogon kira wajen gonaki. Daga can wani ya amsa, wani ya karɓa daga gaba.

Kafin Gwaggo ta gama salati mutane sun fara fitowa daga cikin doya da masara, wani da fartanya, wani da katako, mata da duwatsu a kafaɗa. Wani dattijo mai furfura ya shiga lakar har gwiwa yana ba da umarni. Daga ƙasan rafi kuma wani dogo ya hauro a guje, taɓo har ƙirji, rungume da dutsen da ruwa ya kwashe.

Ayuba ne. Ya sa kafaɗa a bayan motar tun bai ga na ciki ba. Sai da ya ɗago suka haɗa ido da Zakiyya ta gilashi, ya ga Inna, ya ga mai tuƙin. Ya yi turus na ɗan lokaci, sannan ya sake sunkuyawa.

"Ku ɗaga! Ɗaya, biyu!"

Motar ta yi sama kamar ba ƙarfe ba, aka cusa katako, aka tura, sai ga ta a kan tudu tana ɗigar laka.

Baba ya sake duban agogo.

"Minti tara," ya ce, ba da kowa yake ba.

Suka fito. Dattijon, wanda ake kira Baba Shekwolo, ya matso wurin Inna yana goge hannu a wando, ya yi magana da Hausarsa ta Gbagyi.

"Mama, ka yi hakuri. Hanya namu ba kyau, gomnati bai zo ba tukuna. Amma mota ba ya dadewa a nan. In an ji kira, kowa zai ajiye aiki, ko coci ne ko masallaci. Dutse, wannan yaro Ayuba ya kawo. Kira kuwa tun kakanni."

Inna ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, mutum kusan ashirin, ba wanda ta sani, duk sun ɓaci da laka saboda ita.

"Minti tara," ta ce a hankali. "Da Na'ima ta samu minti tara…"

Gwaggo ta toshe baki. Baba ya juya baya yana gyara hular da ba ta karkace ba. Tunda Zakiyya ta zo duniya, yau ta fara jin sunan nan a bakin Inna.

Mujahid ya gyara murya. Shaddarsa ta yi kaca-kaca, amma ladabinsa na nan.

"Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka. Sai dai, Inna, mota ta kafe. Kowa shaida ne."

"Gaskiya ne," in ji Zakiyya.

Ayuba ya dube ta.

"Wace magana ce wannan?"

Ta gaya masa a taƙaice, idonta a kan taɓon ƙafarsa. Ta ga yadda hannunsa ya saki.

"Zakiyya, kika ɗora mu a kan hanyar nan? Yau? Da kin bari ko kwana uku ne, da na gyara wurin."

"Naƙuda ba ta ba da kwana uku, Ayuba. Inna na da gaskiyarta. Ranar da ta fi muni nake so ta gani, ta kuwa gani." Ta ɗago ta dube shi. "Na ba da magana, ba zan janye ba. Ka yafe mini."

"Ni me zan yafe? Dutsena ne bai riƙe ba."

Ya juya zai koma rafi. Muryar Inna ta tsayar da shi.

"Gidan da nisa daga nan?"

"A'a, Inna. Ga shi can bayan mangwaro."

"Malam, tunda mun zo, mu gani."

Da ƙafa suka ƙarasa. Gida ne na bulo, ɗaki biyu da falo, ba a yi fenti ba. Ga faifan sola biyu a kan kwano, ga rijiya, ga tafkunan kifi uku a baya suna motsi. Matar da ta yi kiran nan har ta riga su isowa da ruwan wanke ƙafa a bokiti. Gwaggo ta leƙa ko'ina tana taɓe baki, ta ce sauro zai yi yawa, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Baba ya tsaya a bakin babban ɗakin. An yi rufi, an yi daɓe, an sa taga, amma wurin ƙofa wawakeke ne, ba a gama ginin gefensa ba.

"Me ya hana ka sa ƙofa?"

Ayuba ya sosa ƙeya.

"Zakiyya ta ce gadon da kuke yi babba ne, Baba. Na ce kada in sa ƙofa ta hana shi shiga. Na bari sai na ji awonsa daga bakinku."

Baba ya dubi wurin. Sai ya zaro igiyar daga aljihu. Inna ta miƙa hannu ta karɓa. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin tana kwance ƙullin da Gwaggo ta yi a Abuja, ɗaya bayan ɗaya, da haƙori inda ya ƙi.

Zakiyya ta tsaya tana kallonta. Ba ta yarda ta sa rai ba.

"Inna," Mujahid ya kira daga waje, "gobe fa iyayena na hanya. Ita da bakinta ta ce ta haƙura."

"Ni ta yi wa alkawari, ba kai ba," Inna ta amsa. "Su zo. Ni na ɗauko maganar, ni zan san yadda zan sauke ta. Ka yi haƙuri, Mujahid, kai ba ka yi laifin komai ba."

Ayuba ya matso zai karɓi igiyar. Sai Inna ta ja da baya, ta janyo mayafi ta rufe rabin fuska, ta kau da kai gefe. Ta miƙa wa Zakiyya bakin igiyar, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke, ce masa ya riƙe nan, ya ja har bango."

Zakiyya ta karɓa. Hawayen da ta yi alkawarin ɓoyewa suka zubo, ba ta kuma share su ba.